Uwar Babaji ta Ƙofar Sauri

In ka shiga Ƙofar Sauri ka tambayi Rakiya, sai a tsare ka da tambayoyi kamar ka zo neman aure: wace Rakiyar, ta gidan wa, doguwa ko gajera? Amma ka ce Uwar Babaji kake nema, ko mai tallan goro zai nuna maka rumfarta da haɓa. Abin da zai ba ka dariya shi ne, matar nan ba ta taɓa haihuwar wani Babaji ba. Talabijin ne ya haifa mata shi rana tsaka, da wayonsa da ɗan gashin bakinsa, kuma ya kusa sa ta rasa ɗan da ta haifa da cikinta.

A wani ƙauye ta wajen Kaita aka haife ta, gidan manoman gero. Aure ne ya kawo ta birni, gidan Aminu mai gyaran keke, mutum mai sanyin hali wanda ko kaza ce ta shiga masa kwano sai ya ba ta haƙuri kafin ya kore ta. Shi bai iya faɗa ba, ita ba ta iya shiru ba, sai zaman ya yi daɗi. Suka haifi namiji ɗaya da mata biyu. Da ciwon ajali ya ɗauke Aminu, ta gama takaba, ba ta zauna jiran dangi ba. Ta wanke tanda, ta jiƙa shinkafa, ta kafa rumfar waina a bakin titi.

Wainarta dai ba laifi, tana da laushi, miyar taushen ma tana shiga. Sai dai in gaskiya za a faɗa, rabin masu zuwa rumfar bakinta suke zuwa saurare. Rakiya ba ta raga wa kowa. Ɗan acaɓa ya yi mata hayaƙi, ta wanke shi tas. Ma'aikaci ya zo da babbar riga yana neman tsallake layi, ta tambaye shi ko sitacin rigar ne ya hau masa kai. Wanda aka yi wa faɗan ma sai ya tafi yana dariya, gobe ya dawo da abokinsa.

Mutum ɗaya ne a duniya bakin nan bai taɓa sauka a kansa ba, shi ne Lawal, ɗanta na fari. Rakiya mace ce mai alkunya irin ta mutanen da. Tunda aka raɗa wa yaron suna, sunan bai taɓa fita daga bakinta ba. Ba ta ɗauke shi a gaban mutane ba, ba ta yi masa wasa ba. Ana yaye shi uwar mijinta, Iya Hauwa'u, ta janye shi ɗakinta a nan cikin gidan, ya tashi yana ce wa kakar Iya, uwar kuma Yaya. In za ta ba shi abinci sai ta ce wa ƙanwarsa, "Lailatu, kai wa yaron can." In zazzaɓi ya kama shi, sai ta raɓe bayan ɗakin Iya tana sauraren numfashinsa, sannan ta zagayo ta tambaya a dake, kamar ɗan maƙwabta ne, "Ya mai jikin naku?" Matan unguwa suna cewa Rakiya akwai kara, ita kuwa, ba a ɓoye ba, yabon yana yi mata daɗi.

Tsarin ya tafi lafiya muddin Iya na raye, don ita ce mai jan kunne, ita ce mai rarrashi. A shekarar da sojoji suka tattara suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki, Iya ta kwanta jinya ba ta tashi ba. Lawal yana tashen samartaka lokacin, ya waiga dama da hagu bai ga mai ce masa daga ina kake ba. Wanda ya gani shi ne Ɗanliti.

Ɗanliti ya girme shi, kuma yana da majalisa a wata rumfar kwano wajen Ƙofar Marusa, wadda hotunan 'yan takara suka rufe har ba a ganin tsatsar kwanon. Siyasa ta dawo da ƙarfinta, masu ita suna neman ƙafafu da maƙogwaro, Ɗanliti kuwa shi ke tara musu. Wani mai neman kujera ya saya wa majalisar talabijin da ƙaramin janareta, yara suka samu wurin zama. Kafin a ce mene ne, Lawal ya daina zuwa makaranta. Ya tsaga gira, idanunsa suka fara ja, rigarsa tana warin sholisho. Wata rana rediyon Iya ya yi ɓatan dabo daga kan taga.

Rakiya tana ganin komai, ba abin da ya wuce mata. To amma me za ta yi? Sai ta kama yi wa kaji faɗa, ta yi wa Lailatu, ta yi wa bango. "Wasu dai a gidan ga sun ɗauka ba a ganin su!" Lawal ya bi ta gefenta ya wuce, ko a jikinsa, tunda ba wanda ya ambace shi. Tsoro ya cika ta, tsoron kada yaron ya lalace a gaban idonta tana riƙe da cokalin juya waina.

Ana cikin haka sai ga maganar wasan kwaikwayo. Malam Yari, wani siririn mutum mai yawan sosa ƙeya, shi ke shirya wasanni a gidan talabijin, kuma kullum a rumfar Rakiya yake karya kumallo. Da mulki ya canja hannu aka ce masa jama'a sun gaji da kallon fareti da jawabi, a yi musu abin da ya shafi gidajensu. Ya tsara wasa mai suna "Ina Babaji?", labarin yaron kirki da miyagun abokai suka ja. Ya samu yaron, ya samu abokan, har ya samu uwar, sai ita uwar ta samu miji. Ango ya ce matarsa ba za ta shiga akwatin talabijin ba. Yari ya zo rumfa ya zauna ya zabga tagumi, waina tana hucewa a gabansa.

Ranar an kwana ana ruwa. Wani ɗan acaɓa ya keto taɓo a guje ya watsa wa tandar Rakiya. Ta miƙe ta bi shi da baki tun daga tayar babur ɗinsa har zuwa wanda ya koya masa tuƙi, ba ta maimaita kalma ɗaya ba. Yari ya ajiye cokali.

"Inna Rakiya," ya ce, "hwaɗan ga da kike yi kyauta bakin titi, mi zai hana ki zo ki yi shi cikin talabijin?"

"Ni? In shiga akwati duniya na kallona? Malam Yari, ci wainarka ka tahi aiki. Ni ko baƙi ban sani ba a boko."

"Wa ya ce maki da takarda muke yi? Mu ba mu rubuta magana. In ce maki ga abin da yaro ya yi, ke kuma ki hwaɗi abin da ya zo bakinki. Shi ke nan wasan."

Ta kore shi da hannu, amma zancen ya ƙi barin kanta. Ta tuna cewa yaran majalisar Ɗanliti ba abin da ke wuce su a talabijin, ko sanarwar ɓatan akuya ce. Nan dabara ta faɗo mata, har ta yi murmushi ita kaɗai. Ga hanya ta samu da za ta yi wa yaron can magana son ranta, ya ji da kunnensa, ba tare da ta dube shi ko ta kama sunansa ba. Dangin miji suka ɗan yi gunaguni, ta ce musu wanda ya ga abin kunya ne ya zo ya karɓi cefanen gidan, sai aka ji shiru.

A wani gidan aro ake ɗaukar wasan, da kyamara ɗaya da fitila mai zafi kamar bakin murhu. Yaron da ke fitowa a Babaji ɗan kwaleji ne mai ladabi, sai ya durƙusa ya gaishe ta kafin a fara, a gama zaginsa ya sake durƙusawa ya ce sannu da aiki. Ranar farko Yari ya ce mata, "Inna, yaro bai kwana gida ba, kin hito ƙohwar gida kina neman shi. Bismilla." Rakiya ta gyara mayafi, ta cika ƙirji, ta ƙwala, "Babajiii!" Mai ɗaukar sauti ya fizge abin da ya toshe kunnuwansa da shi ya yi tsalle gefe. Jakin maƙwabta ya amsa. Yari ya rungume kansa don murna.

Duk Alhamis bayan magariba ake nuna wasan, kuma cikin ɗan lokaci ya bi gari. Yara suna bin ta a lungu suna "Babajiii!" A Babbar Kasuwa masu shinkafa suna yi mata gyara ba ta roƙa ba. Mata suna zuwa rumfa da ƙorafin 'ya'yansu kamar wata malamar asibiti, ita kuma tana ba da shawara tana juya waina, kai ka ce nata gidan lafiya lau yake. Sunan Rakiya ya ɓace, Uwar Babaji ya zauna.

Ita dai ba suna ta je nema ba, aike ta je yi. Tunda ba a rubuta magana, ba mai hana ta saka abin da take so. Ta fara da gira. "Malam Yari, a tsaga wa yaron ga gira, haka suke yi yanzu." Aka tsaga. Satin da Lawal ya haura katanga wandonsa ya yage, Babaji ma sai da ya haura katanga wandonsa ya yage, uwar tana tsaye tana cewa ko ɓarawo ya fi shi mutunci, don shi ba gidan ubansa yake haurawa ba. Yari yana ta mamaki.

"Inna, wai ina kike samo waɗannan abubuwa?"

"Ido gare ni," ta ce.

Sannan aka zo kan rediyo. Yari cewa ya yi kawai yaro ya ɗauki wani abu a gida ya sayar. Rakiya ta dubi ɗan kwalejin nan, amma ba shi take gani ba. "Rediyon kakarka," ta ce, "wanda ta ɗaure da robar taya don murhin batir ya karye, wanda take aza ma bisa ciki kana jinjiri don ka yi barci, shi ka ɗauka ka kai kasuwa? Tsohuwar ga ko shekara ba ta yi cikin ƙasa ba!" Hawaye suka zubo mata, na gaske, ba na albasa ba. Ta kamo kan yaron ta rungume tana cewa, "Babaji, ɗana, mi na yi maka?" Mai kyamara kansa sai da ya share ido.

Ta koma gida ranar zuciyarta wasai, tana ganin ta cire ƙaya. Abin da ba ta lissafa ba shi ne, ba Lawal kaɗai ke da talabijin a Katsina ba. Duk Ƙofar Sauri an san rediyon Iya Hauwa'u, don tsohuwar ba ta iya sauraren labarai a hankali ba, sai unguwa ta ji tare da ita. Ana ambaton robar taya, mutane suka dubi juna. Masu tunani suka haɗa da gira, suka haɗa da wando. Kafin Juma'a ta fita, mai shayi ya sani, mai wanki ya sani, 'yan matan da ke tallan gyaɗa sun sani. Lawal ya zo wucewa, wani ya ja murya daga bayan kanti, "Babajiii!" Titi ya kwashe da dariya.

Ɗanliti kam abin ya yi masa daɗi. Ya gane cewa mugun abokin da ke cikin wasan shi ne, har ya je ya sayi hula irin tasa, yana karkata ta yadda wancan ke yi. Duk Alhamis shi ke fara kunna janareta. Ya zaunar da Lawal a gaba, ya dafa kafaɗarsa, "Zauna ka ji saƙon tsohuwarka." Lawal ya zauna yana kallon matar da ba ta taɓa haɗa ido da shi ba tana shafa kan ɗan wasu, tana kiran sunansa har sau nawa, tana kuka a kansa, abokai suna shewa.

Rakiya ba ta san wannan ba. Ta ga yaron ya yi shiru, ya daina ko gaishe ta, ta ɗauka magani ne ke aiki. Sai da kwanon tuwonsa ya fara kwana a rufe. Ta leƙa ɗakin Iya, inda yake kwana, ta ga ƙusar da yake rataye kaya ba komai a kanta. Ta tsare Lailatu a madafa.

"Yaron can fa?"

Lailatu ta yi ta murza bakin zane. "Yana wurin su Ɗanliti. Ya ce in hwaɗa maki wata magana, ni kuwa tsoro nike ji."

"Hwaɗi."

"Ya ce tunda kin samu ɗan da kike kira, shi ya bar maki gidan. Ya ce shi a gida ko kallo bai ishe ki ba, amma kin ɗauki asirin shi kin kai talabijin, kin yi wa ɗan wasu kuka duk jiha na gani."

Rakiya ta nemi kujera ta zauna. Kunya ta rufe ta, ba irin wadda ake yaba mata ba, kunyar wanda ya yi ɓarna da hannunsa yana zaton gyara yake yi. Ta so ta ce ai don shi ta yi, ai duk hawayen nan nasa ne, amma wa za ta gaya wa? Lailatu?

Duk da haka ba ta saki hanyar da ta sani ba. Ta aika limamin unguwa, Lawal ya durƙusa ya saurare shi da ladabi, ya ce in sha Allahu, bai zo ba. Ta aika abokin marigayi Aminu, haka. Ta cika kwano da waina, ta zuba man shanu, ta ba Lailatu ta kai. Lailatu ta dawo ta ce Ɗanliti ya cinye, ya ce a gaishe da Inna, a ƙara yaji gobe. Wasa kuwa ba a fasa ba, don an riga an sa shi a gaba. Tana zuwa tana yi, amma ta daina ƙara komai daga gidanta, har Yari ya fara tambaya ko ba ta da lafiya.

Ranar da abin ya zo ƙarshe, ana ɗaukar wurin da aka kawo Babaji gida an sare shi a wajen taron siyasa. An shimfiɗe ɗan kwalejin a tabarma, an jiƙa masa riga da zoɓo mai kauri, yana ta ƙoƙarin kada ya yi dariya don ƙudaje sun dame shi. Yari yana bayani, "Inna, kina shigowa ki gan shi, ki saki salati." Sai ga Lailatu ta faɗo gidan ba sallama, tana haki.

"Yaya, ana loda su a mota! Wai za su wani gari, ɓangare biyu na rigima kan ohishin jam'iyya. Na ga gorori da adduna ƙarƙashin tamfol. Yaya Lawal na ciki."

Rakiya ta dubi yaron da ke kwance cikin jan zoɓo. Ba ta saki salatin da aka ce ba, nata ta saki. Ta yi waje da mayafin wasan a kanta, Yari yana bin ta yana cewa ba a gama ba, fitila na cin wuta. A bakin titi ta tare ɗan acaɓa, ita da ta sha rantsuwa ba za ta taɓa hawa abin nan ba. Ta ɗare a karkace, ta damƙi rigarsa kamar za ta yage ta, kuma karo na farko a tarihin Katsina aka ji Rakiya tana yi wa ɗan acaɓa faɗa don ba ya gudu.

A gaban rumfar Ɗanliti wata a-kori-kura na tsaye, samari sun cika bayanta har suna zama a kan ƙarfe. Suna ganin ta wuri ya kaure. "Uwar Babaji! Uwar Babaji ce!" Masu shago suka fito, mata suka leƙo ta katanga. Ɗanliti ya zo ya zube a gabanta da gaisuwar iya shege, hula a karkace.

"Inna, barka da zuwa, kin zo lahiya? Don Allah yi mana kiran ga sau ɗaya kahin mu tahi, mu samu albarka."

Ba ta ko dube shi ba. Ta hango Lawal can gaba, kusa da kan motar, ya juya wa jama'a baya. Ta san ƙeyar nan, ta fi sanin ta da fuskarsa, don ita ta saba kallo in ya wuce.

"Kai yaron can," ta ce.

Duk motar ta waigo, tunda duk yara ne, ban da shi. Aka yi dariya. Direba ya tayar da mota, hayaƙi ya turnuƙe. Rakiya ta buɗe baki za ta kama sunansa. Ga matan unguwa a kan katanga, irin waɗanda suka shekara da shekaru suna cewa Rakiya akwai kara. Ta ji kamar an ce ta tuɓe a kasuwa. Motar ta fara motsi.

"Lawal!"

To ka san Katsina, ba motar da za a cika da samari a rasa Lawal a cikinta. Uku suka amsa a tare, "Na'am!" Har wani ya miƙe yana nuna ƙirjinsa. Nata bai ko motsa ba. Ba taurin kai ba ne, Allah ya sani. Muryar dai ya san ta, sunan ma nasa ne, amma bai taɓa jin su tare ba, don haka bai kawo a ransa da shi ake ba. Wannan ya fi komai yi wa Rakiya ciwo. Ta bi motar da sauri ta bugi ƙarfen da tafin hannu har direba ya taka birki.

"Lawal ɗan Aminu! Lawal nawa, wanda na haihwa! Da kai nike. Sauko."

Ɗanliti ya soma wata maganar ban dariya, ya ga ba mai taya shi, ya haɗiye sauran. Lawal ya juyo a hankali. Ya daɗe yana kallon ta, ita ma ta tsaya ta dube shi ido cikin ido, ta ga ashe tsagar girar ma ta fara cikewa, ta ga ya rame. Ya taka ƙafafun mutane ya zo bakin motar ya diro. Ya tsaya a gabanta, ya rasa inda zai sa hannuwansa.

"Yaya," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "ashe kin san sunan?"

Duk faɗan da ta tanada, wanda ta yi wata da watanni tana zubawa a kan ɗan mutane, ya bi iska. Hawaye kawai ke zuba, ta ƙi share su. "Wuce mu tahi gida," ta ce, "kana tara mani jama'a."

Motar ta tashi ba shi. Suka kama hanyar Ƙofar Sauri a ƙasa, shi a gaba, ita a baya, suna kewaye taɓo. Ba ta san ko gobe zai koma wurin Ɗanliti ba, ba ta san ko zai yafe mata zancen rediyo ba. Sun kusa shan kwanar lungunsu sai ta ce, a hankali wannan karon, "Lawal."

Ya tsaya ya waigo. "Na'am."

Ta duba ta ga ba ta da abin faɗa.

"Ba komi," ta ce. "Tahi."